Shanyar Almu da Sudar Fadama

Duk wanda ya zauna a unguwar Iku a shekarun da ma'aikatan Abuja suka fara cika Suleja, in aka ce masa Almu mai wanki, kafin ya tuna fuskar mutumin sai ya tuna rigar Ja'afar.

Da daminar 1993 ne. Ja'afar Bakano ne mai yawan raha, yana aiki a wata ma'aikata a Abuja, yana haya a bayan masallacin unguwa. Ya kawo wa Almu babbar rigarsa ta farar shadda, ya ce a wanke a sa sitati, ran Litinin za a ɗauki hoton ma'aikata tare da sabon darakta. Almu ya sauka rafi da ita, ya cuɗa ta da sabulu, ya shiga ruwa iya gwiwa yana ɗauraya. Yana cikin haka sai wata 'yar tsuntsuwa ta sauka a kan karan gamba, taku huɗu daga inda yake tsaye. Almu ya san in ya motsa za ta tashi, sai ya ƙame. Ruwa ya soma jan rigar a hankali. Yana jin tana zamewa daga yatsunsa, amma ya ƙi damƙewa don kada kafaɗarsa ta motsa.

Sauran masu wanki suka hau ihu, "Almu, riga! Kai, riga!"

Ya ce musu ta gefen baki, "Ku yi a hankali mana."

Rigar ta buɗe hannuwa a kan ruwa kamar Ja'afar ne da kansa ya kwanta rigingine yana hutawa, ta sha kwana, ba a sake ganinta ba. Ran Litinin aka ɗauki hoto da Ja'afar cikin kaftanin aro wanda bai rufe masa ƙwauri ba. Bai kai ƙara ba, bai ma daina kawo wanki ba. Sai dai tun daga ranar, duk safiya in zai wuce bakin titi neman bas, sai ya leƙo ya ce, "Malam Almu, rigata ta isa Lakwaja, ko ta tsaya ziyara a hanya?" Almu yakan sunkuyar da kai ya yi murmushi, ya ci gaba da hura gawayin dutsen guga.

An haifi Almu a Iku tun garin Suleja yana amsa sunan Abuja, kafin gwamnati ta ari sunan ta tafi da shi can gaba. Wanki ya gada wajen mahaifinsa, har da dutsen da ake buga kaya a kai, wanda ya yi santsi kamar goshin mai sanƙo. Gajere ne, siriri, tafin hannunsa ya koɗe saboda sabulu. Matarsa Daso ita take jiƙa rogo ta fitar masa da sitati, kuma ita take yi masa maganar da ya kamata ya yi wa mutane bai yi ba. Ba ya zaman majalisa, ba ya sauraron ƙwallo. Shekara arba'in yana tsaye a wuri ɗaya cikin ruwa, kuma mutumin da ya daɗe haka a wuri ɗaya dole ya san maƙwabtansa, ko da masu fukafukai ne.

Suda dai kowa ya san ta. Ita ce mai baƙin layi a tsakar kai da farar gira, fukafukanta jajaye kamar sabuwar tukunya, ga dogon bindi mai fari a baki. Tana son ƙaya da sabara da gefen gona, ba ta zaɓen unguwa, kuma in ta fara fito ba ta san a huta ba, shi ya sa ake kiran mace mai surutu da sunanta. Almu yana ganin mutuncinta, amma ba ita ta ci rigar Ja'afar ba.

Wadda ta ci rigar 'yar'uwarta ce, wadda Almu ya raɗa wa suna sudar fadama don bai taɓa jin wani ya kira ta da komai ba. Baki iri ɗaya ne da na suda, mai ɗan ƙugiya, tsayuwa iri ɗaya, amma ta fi ƙanƙanta, bindinta bai kai wancan ba. Namijin ya ja baƙar hularsa har ƙasan ido kamar direban da yake jin sanyi, macen ce kaɗai take da farar gira. Bayansu ja ne, cikinsu kamar shayin da aka cika wa madara. Ba su da yawan magana: fito biyu, uku, sai shiru. Kuma ba sa zama ko'ina sai cikin doguwar ciyawa wadda ƙafarta take cikin laima.

Almu yakan ce wa Daso, "Uwa ɗaya uba ɗaya ne, amma ita babbar ko a tasha aka ajiye ta za ta rayu. Ƙaramar kuwa in ba fadama, shi ke nan."

Daso takan ce, "To Allah ya bar zumunci. Ka kai wa Alhaji kayansa?"

A zamanin mahaifinsa, ciyawar fadama ta bi rafin har inda ido ya tsaya. Da aka dawo da gwamnati Abuja, mutane suka kwararo, kowa yana aiki can yana kwana nan. Tifofi suka shigo, masu buga bulo suka kafa inji a bakin ruwa, gona ta zama fegi, fegi ya zama gida mai ɗaki goma da banɗaki ɗaya. Wanki ya yi wa Almu yawa, bai taɓa samun aiki irin na lokacin ba, kuma ya san daga ina aikin yake fitowa. Zuwa ƙarshen 1995, ciyawar da ta rage a tsaye ba ta fi a yi sallar mutum ɗari a kanta ba. A ciki akwai sudar fadama biyu, mace da miji. Almu ya bi rafin sama da ƙasa, bai ga wasu ba.

Wannan ɗan fili gadon Suhaibu ne, ɗan kawun Almu, wato taubashinsa, ƙaton mutum mai buga bulo wanda dariyarsa take riga shi shiga gida. Tun suna yara Suhaibu yake ƙwace masa hula, yake kiransa Sarkin Kumfa. Wata rana ya zo bakin rafi da igiyar awo da turaku.

Ya ce, "Sarkin Kumfa, in ciyawar nan ta bushe zan sa mata wuta, a zuba jar ƙasa. Ɗaki takwas. Ka gaya wa surukanka su nemi wani gidan."

Almu ya ce, "Ina za su je?"

"Su je Abuja mana, kowa can yake zuwa."

"Suhaibu, da gaske nake."

Suhaibu ya dube shi, dariyar ta ɗan ragu. "Ni ma da gaske nake, ɗan'uwa. 'Ya'yana tara. Kowa ya gina nasa, ni kaɗai zan bar nawa ya zama gidan sauro? In ce wa iyalina me, in ce tsuntsu ya hana?"

Almu ya koma kan wankinsa. Ya san maganar ba ƙarya a cikinta.

Cikin masu kawo masa wanki akwai Madam Omolara, malamar kimiyya a wata sakandare, wadda takan aiko da labule da zanen gado. Ta shekara goma sha biyu a Suleja, tana jin Hausa sosai, sai dai sunansa ne ya gagare ta. Ranar da ya kai mata kaya ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, har ta tambaye shi ko lafiya. Da ya faɗa mata, ba ta yi dariya ba, wanda hakan ya ba shi mamaki. Ta shiga ciki ta fito da wani littafi mai kauri, cike da zanen tsuntsaye.

Ta ce, "Baba Alimu, duba nan. Wanne ne naka?"

Ya goge hannu a riga sau biyu kafin ya taɓa takardar. Ga su nan a shafi ɗaya, babbar a sama, ƙaramar a ƙasa, har da hular namijin. Almu ya ji kamar ya ga sunan ƙauyensu a jarida.

Ya ce, "Ashe Turawa sun san ta!"

"Sun san ta. Kai ma ka san ta, ka fi su, don mai littafin nan bai ce tana cin riga ba."

Ta yi masa bayani cewa akwai masu ilimi da suke da jerin halittun da suke gab da ƙarewa, in tsuntsu yana cikin jerin ana iya hana a taɓa wurin zamansa. Ta ce za ta rubuta wa wata ƙungiya ta masu kula da irin wannan. Almu ya koma gida yana tafiya kamar an rage masa shekara goma. Ya ce wa Daso an kai maganar sama. Daso ta ce Allah ya sa kada ta daɗe a can.

Amsa ta zo bayan mako biyar, takarda ɗaya mai ladabi. Madam ta karanta masa tana fassarawa. Sun gode da kulawarsa. Babbar suda tana nan a kusan duk ƙasashen baƙar fata, ba abin damuwa. Ƙaramar ba ta kai ta yawa ba, gaskiya ne, kuma fadama kaɗai take zama, amma ana samunta tun daga nan har ƙasashen da suke can gabas da kudu. Saboda haka duka biyun ba sa cikin jerin.

Almu ya ce, "Wato suna lafiya."

Madam ta ce, "A duniya, suna lafiya."

"A Iku fa?"

Ta juya takardar ta duba bayanta, ko da ta san ba komai a rubuce. "Ba su ce komai a kan Iku ba, Baba."

"To sai yaushe ake shiga jerin?"

"Sai sun kusa ƙarewa ko'ina."

Ya jinjina kai. Ya ce ya gane, kamar asibiti ne, ba a ba mutum gado sai ya kasa tsayuwa. Ya yi godiya, ya tambaya ko akwai labulen da za a wanke.

Ciyawa ta bushe daidai da kamawar azumin 1996. Nan Almu ya yi dabarar da mai wanki kaɗai zai yi. A bakin rafi akwai ƙa'idar da ba wanda ya rubuta: ba a taka shanya, ba a ɗaga ta, ba a kunna wuta kusa da ita, domin kayan da suke hannun mai wanki amanar mutane ce. Ko direban tifa, wanda ba ya kauce wa akuya, yana kauce wa shanya. Almu ya daina shanya a kan duwatsu inda ya saba. Ya kewaye filin Suhaibu da kayan mutane: kaftani a nan, zanen gado a can, labulen Madam a kan sabara, wandunan Ja'afar a jere ta gefen hanya kamar 'yan gadi. Yana idar da sallar asuba yake shimfiɗawa, ba ya kwashewa sai an kusa shan ruwa, kuma mai unguwa ya riga ya hana kunna wutar daji bayan faɗuwar rana tun da ta taɓa cinye wa wani rumbu.

Suhaibu ya zo da ashana da leburori biyu, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Sarkin Kumfa, kasuwar gwanjo ka buɗe mini a fili?"

"Shanya nake."

"Wannan wandon tun shekaranjiya nake ganinsa. Bai bushe ba?"

"Yadin ne mai riƙe ruwa."

Suhaibu ya yi dariya har ya dafa gwiwa. "To na ji. Ba zan taɓa kayan mutane ba, ban haukace ba. Amma ranar da na zo na tarar ba amanar kowa a nan, ranar zan kunna. Na faɗa maka a gaban shaidu."

Haka aka yi ta yi. Kayan da suka bushe sai Almu ya sake tsoma su a ruwa. Wanda ya kawo wanki ran Asabar sai ya karɓa wata Asabar ɗin, shuɗi ya zama ruwan toka, ja ya zama abin da ba shi da suna. Mutane suka fara gunaguni, wasu suka koma wajen wani mai wankin. Almu yana zaune a rana da azumi a bakinsa, leɓɓansa sun tsage, yana kallon ciyawa. Wani lokaci namijin yakan hau kan kara ya yi fitonsa biyu, ya dubi wandunan Ja'afar, ya koma ciki.

Daso ta ce masa, "Malam, wai har yaushe?"

Ya ce, "Har damina. In ruwa ya sauka ciyawa ba ta cin wuta."

"Damina saura wata uku. Sallah kuwa saura kwana shida. Da me mutane za su je Idi, da fukafukai?"

Bai yi tunanin wannan ba, ko kuma ya yi ya ture shi gefe. Kwana biyu kafin Sallah masu kaya suka yi masa layi a ƙofar gida. Ba mai haƙuri a irin wannan rana, kuma ba shi da bakin da zai nemi a yi. Ya kwashe, ya goge, ya ninke, ya miƙa. Ja'afar ya karɓi wandunansa ya ɗaga su a rana, ya ce, "Da baƙaƙe na kawo, amma ba komai, waɗannan dai sun dawo." Har Madam, wadda ba ta Sallah, ta tafi Ilori hutu da labulenta, don ba ta san abin da suke yi a bakin rafi ba, shi kuma ya ji kunyar gaya mata.

Ran jajibiri ba sauran kayan kowa a hannunsa. Sai ya buɗe akwatin gidansa. Ya ɗauki rigunansa uku, da bargo, da tsofaffin zannuwan Daso, har da sabuwar rigar da ya ɗinka don Idi. Da safiyar Sallah ya shimfiɗa su kewaye da ciyawar, ya danne da duwatsu, ya tafi filin Idi da kaftanin da yake guga da shi. A ransa shanya shanya ce.

Abin da ya manta shi ne abin da ya sani tun yana ɗan shekara biyar. Kayan baƙo amana ne, amma kayan taubashi na taubashi ne. Mutumin da ya shekara hamsin yana ƙwace maka hula ba zai ji nauyin ɗaga rigarka ba.

Bayan an sauko daga Idi, Almu ya biya gaishe da wata gwaggonsa, aka tsare shi da tuwo. Da ya iso gida wajen azahar, ya tarar da ƙullin kaya a kan tabarma, an ninke kowanne tsaf, sabuwar rigar a sama.

Daso ba ta dube shi ba. Ta ce, "Suhaibu ne ya kawo. Ya ce a yi maka barka da Sallah. Ya ce wai kada hayaƙi ya ɓata maka su."

Almu ya fita ba takalmi. Tun daga bayan masallaci ya hango hayaƙin. Busasshiyar gamba ba ta ɗaukar lokaci. Kafin ya isa an gama, sai baƙin fili da kututture yana turiri, shaho biyu suna shawagi a sama suna jiran abin da zai fito. Suhaibu yana tsaye da ɗanyen reshe a hannu yana kashe bakin wutar. Da ya ga Almu bai kira shi Sarkin Kumfa ba.

Ya ce, "Na bubbuga ciyawar kafin in kunna, wallahi. Na yi ta kora. Wasu abubuwa sun tashi."

"Ka ga mai baƙar hula?"

"Ɗan'uwa, ni duk tsuntsu tsuntsu ne a wurina."

Almu ya bi filin a hankali yana tona toka da yatsan ƙafa. Bai ga gawa ba, bai ga gashi ba. Ya tsaya har la'asar yana kasa kunne. Can daga tsallake, a kan wata ƙaya kusa da tarin bulo, babbar suda ta ɗauki fitonta tiryan-tiryan, kamar ba abin da ya faru a unguwar.

Kafin damina ta sauka an zuba jar ƙasa, kafin ta ɗauke an yi rufi. Almu ya koma shanya a kan duwatsu, masu kayan da suka gudu suka dawo ɗaya bayan ɗaya, don ba wanda ya iya sitati kamar na Daso. Ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a: ran kasuwar Izom yakan hau mota, ya sauka a hanya duk inda ya hango fadama, ya tsaya a bakin ciyawa kamar mai jiran wani. Sau ɗaya ya ce ya ji fito biyu, amma bai ga mai yi ba, kuma bai yarda ya rantse ba. Madam takan tuna masa cewa suna nan da yawa a wasu ƙasashe. Yakan ce, "Haka ne, Madam, takarda ta faɗa."

Suhaibu ya aiko masa da buhun gawayi ba tare da saƙo ba. Almu ya karɓa, ya yi guga da shi. Suna gaisawa, suna zuwa sunan 'ya'yan juna. Hular ce dai Suhaibu bai sake ƙwacewa ba.

Ja'afar, da yake mutum ne mai lura, ya yi watanni bai ta da zancen riga ba. Shi ne ma ya kama ɗaki na uku a sabon gidan, saboda ya fi kusa da titi, tagarsa tana kallon dutsen wankin Almu. Wata safiya ya fito da jakarsa, ya ga Almu tsaye cikin ruwa iya gwiwa, riga a hannu, ya zuba wa katangar gidan ido. Ja'afar ya ce a ransa bari ya taɓa shi ko ya yi murmushi.

"Malam Almu, riƙe da kyau, wannan ma tawa ce! Wai har yanzu ba labarin waccan daga Lakwaja?"

Almu ya matse rigar, ya saɓa ta a kafaɗa.

Ya ce, "Alhaji Ja'afar, taka ai da sauƙi. Mutum goma sun ga hanyar da ta bi. Nawa kuwa, ko wanda zan tambaya inda suka bi babu."